Ajuji: sunan da uwa ke kiran ɗan da take tsoron rasawa

Wani matashi daga Kumo ya aiko mini da tambaya. Matarsa ta kusa sauka, yana so idan namiji ne ya mayar da sunan mahaifinsa da ya rasu bara, wanda duk garin ba a san shi da wani suna ba sai Ajuji. Dangin matar sun ce atafau ba za a kira jikansu da sunan bola ba. Yana so ya ji asalin sunan da ma'anarsa, da dalilin da ya sa ba a jin sa a kan yaran yanzu, da kuma ko ya dage ko ya haƙura.

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sauki iyalinka lafiya. Surukanka ba su yi kuskure ba wajen fassara kalmar. Ajuji kalmomi biyu ne aka haɗe, "a" da "juji", wato wanda yake a kan juji, ko wanda aka ajiye a juji. Abin da ya kuɓuce musu shi ne dalilin da zai sa uwa ta ɗauki ciki wata tara, ta sha wuyar naƙuda, sannan ta yarda a kira abin da ta haifa da wannan suna. Wanda ya san dalilin ba ya ƙara jin sunan a matsayin zagi.

Bari in fara da kalmar kanta, tunda nan ne fagena. Tsohuwar siffar juji ita ce "jibji", kuma har yau haka ake faɗa a Sakkwato da wasu sassan Katsina. A Hausar gabas, wato ta Kano da Zariya da tamu ta Bauchi da Gombe, harafin leɓe irin su b da m idan ya zo ƙarshen gaɓa yakan narke ya koma u. Shi ya sa Basakkwace zai ce sabka mu ce sauka, ya ce abduga mu ce auduga, ya ce amre mu ce aure, ya ce zamna mu ce zauna. Wani Bajamushe masanin harshe, August Klingenheben, shi ya fara tsara wannan ƙa'ida a rubuce a ƙarshen shekarun 1920, har masu nazari ke kiran ta da sunansa. Shaidar tana nan a bakinmu ba sai an buɗe littafi ba: jam'in juji shi ne jibaje, inda b ɗin nan da ya ɓace ya sake bayyana. Don haka in ka haɗu da wanda ake kira Jibji daga yamma, takwaran mahaifinka ne.

Sunan kuwa na 'ya'yan wabi ne. Wabi shi ne mace ta riƙa haihuwa 'ya'yan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wani kafin suna, wani kafin ya yi zaune, wani daf da yaye. Mutanen da sun ɗauka ɗa ɗaya ne yake zuwa yana komawa, ko kuma iskoki ne ke bin matar, ko maita, ko kambun baka. Duk waɗannan bayanai sun haɗu a kan abu guda: akwai wani abu da ke sa ido a kan abin da ake so, yana ɗaukewa. To idan haka ne, dabara ita ce a nuna ba a so. Sai ungozoma ko wata tsohuwa a gidan ta ɗauki jaririn ta kai shi kan juji ta ajiye kamar an zubar, a juya baya, can sai wata da aka riga aka shirya da ita ta zo ta "tsince" shi. A wasu gidaje mai tsintuwar ce za ta riƙa cewa ɗanta ne, a wasu kuma uwar ce za ta fanshe shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba a barin yaro ya daɗe a wurin, kuma ido na kansa tun daga ajiyewa har ɗauka. Daga ranar sunansa Ajuji.

Sunan yana da 'yan'uwa da yawa, kuma in ka jera su za ka ji muryoyi biyu. Akwai masu nuna halin ko-in-kula: Ajefas, wato a jefar; Ayashe, wato a yashe ta a bar ta nan; Mantau, wanda ake fata mutuwa ta manta da shi. Akwai kuma waɗanda roƙo ne tsagwaronsa: Abarshi, Abarta, Barau, Barmani. Na ƙarshen nan, "bar mani", ban taɓa faɗarsa a aji ban ji wani abu a ƙirjina ba, domin addu'ar uwa ce sukutum aka mayar suna. Ajuji da Barmani magana ɗaya suke yi. Ɗaya ya ɓoye son, ɗaya ya kasa ɓoyewa.

Ni na tashi a gidan da akwai Ajuji. Yayar mahaifina ta binne 'ya'ya biyar kafin ta same shi. Abin da na gani da idona shi ne, wannan da aka ce an yar a juji, shi ne ɗan lelen gidan. Ba a aikensa rafi, ba ya kwana a gidan kowa, in ya yi tari sau ɗaya goggo ba ta runtsawa. Ta ƙi ɗinka masa sabuwar riga har ya yi wayo, sai kwancen 'ya'yan maƙwabta, don kada ido ya faɗa masa. Da na girma na fahimci cewa dabarar ba ta tsaya ga iskoki ba, har da zuciyar uwar. Matar da ta yi ta binne 'ya'ya tana tsoron ta saki jiki ta so na gaba, sai sunan ya zama mata ɗan shinge tsakaninta da abin da take gudu. Wannan fahimtata ce, amma na zauna da tsofaffin mata da dama a ƙasar Akko da Dukku da Darazo a kan sunayen gargajiya, kuma yadda suke sauke murya in an zo kan wabi ya ƙara mini yaƙini.

Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba. Yarbawa suna kiran irin waɗannan yara abiku, suna sa musu Malomo, "kada ka sake tafiya", ko Kokumo, "ba zai ƙara mutuwa ba". Ibo suna ce musu ogbanje, suna da Onwubiko, "mutuwa, don Allah". Mutanen Akan na ƙasar Gana suna da Sumina, wanda ma'anarsa juji ce daidai wa daida. Duk inda jarirai suka yi ta mutuwa ba a san dalili ba, iyaye mata sun faɗo kan tunani iri ɗaya ba tare da sun yi shawara da juna ba.

Yanzu ga abin da zai warware maka rabin matsalarka. Ajuji laƙabi ne, ba shi aka raɗa wa mahaifinka ranar suna ba. Bahaushe Musulmi yana da sunan yanka, wanda liman ke faɗa rana ta bakwai a yanka rago a kansa, yana kuma da sunan da gida ke kiransa, wanda ke ba da labarin yadda ya zo duniya. Tanko shi ne namijin da ya biyo mata, Kande ko Delu macen da ta biyo maza, Gambo mai bin tagwaye, Audi wanda uban ya rasu yana ciki, Cindo mai yatsa shida, Shekarau wanda ya daɗe a ciki, Nomau na lokacin noma. Kowanne daga cikinsu yana da Muhammadu ko Adamu ko Usmanu a ƙarƙashi. Ga ɗan wabi ma har da gangan ake binne sunan yankan, don ɓoyewar na cikin maganin. Shi ya sa mutum zai shekara saba'in, sai ranar jana'izarsa wasu za su fara jin sunansa na gaskiya. Mahaifinka yana da nasa. Tambayi ƙannensa ko tsofaffin takardunsa.

Batun raguwar sunan kuwa, a nan ƙasar ba mu da al'adar fitar da jerin sunayen jarirai duk shekara kamar yadda ake yi a Amurka, inda lissafin ya koma har 1880. Ko da ana yi ma, takardar haihuwa sunan yanka take ɗauka, laƙabi a tsakar gida yake zaune. Ma'aunin da ke hannun kowa shi ne kunnensa, kuma ma'auni ne mai kyau. Ka lura da shekarun masu sunan da kuma inda sunan ya zauna a jerin sunayensu. Dattawa 'yan sittin zuwa sama, Ajuji nasu ne na kansu, da shi ake sallama da su. 'Yan talatin zuwa hamsin, za ka tarar sunan ya koma baya, ya zama na uba: wane Ajuji, wance Ajuji. A ajin firamare na yau kuwa, a cikin garin Gombe ko Bauchi, da wuya ka ji an kira yaro da shi, sai dai a matsayin sunan kaka a ƙarshen rajista. Na koyar shekaru masu yawa, kuma a gabana wannan ƙaura ta faru.

Makarantar boko ce ta mayar da shi sunan zuri'a. Lokacin da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka cika makarantu, hedimasta na tambayar yaro sunansa da na ubansa, yaro kuma sai ya faɗi wanda ya ji ana kiran uban da shi. Daga rajista ya hau takardar jarrabawa, daga nan ya hau takardar ɗaukar aiki, yau ga shi a katin ɗan ƙasa. Haka Shekarau ya zama sunan da duk Nijeriya ta sani ta hanyar Malam Ibrahim Shekarau, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011. Barau ya hau gadon sarauta tare da Sarkin tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, Sulaimanu Barau. Mu ma a nan Gombe mun yi marigayi Sanata Ajuji Waziri, mijin Farida Waziri wadda ta shugabanci hukumar EFCC daga 2008 zuwa 2011. Sunan ya shiga majalisar dattawa, babu wanda ya tuna da bola.

Me ya hana a sa wa sababbin haihuwa? Babban dalili, kuma abin godiya ga Allah, shi ne abin da ke haifar da sunan ya ragu. Agana, wadda ta share yara a zamanin kakanninmu, an sanar da kawar da ita daga duniya a 1980. Rigakafin ƙyanda da na tarin shiƙa sun shiga ƙauyuka. Allurar da ake yi wa mai ciki a wajen awo ta rage ciwon nan da ke shiga ta cibiya idan an yanke ta da ƙazamar reza, ya sandarar da jariri ya hana shi kama nono cikin makonsa na farko ko na biyu. Binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya nuna a cikin yara 1,000 da aka haifa, 201 ba sa kai shekara biyar. Na 2018 ya nuna 132. Har yanzu adadin na da tayar da hankali, kuma yankinmu na arewa maso gabas yana cikin inda abin ya fi tsanani, amma matar da za ta binne biyar a jere ba ta da yawa kamar da.

Sannan wabin kansa ya samu wasu sunaye a asibiti. Da yawa daga abin da aka ɗora wa iskoki, amosanin jini ne, wato sikila. Idan miji da mata duk AS ne, wato suna ɗauke da gadon ciwon ba tare da yana damunsu ba, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon, kuma kowane ciki lissafinsa daban, don haka yana iya faɗawa kan uku a jere. Yaron zai zo lafiya lau, sai wajen wata shida hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, jini ya riƙa ƙarewa, zazzaɓi ya ɗauke shi kafin yaye. Akwai kuma saɓanin rukunin jini, inda uwa take da "negatif" ɗan kuma ya ɗauko "fozitif" na uba. Ɗan fari yakan tsira, na bayansa su zo da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki. Wannan ya yi kama da labarin wabi ƙwarai, alhali allura ce ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa ta kare na gaba. Ƙara da kwanika, wadda ke sa a yaye yaro ba shiri tamowa ta kama shi. Abin da ya fi ci mini rai a wannan babi shi ne yawan kishiyoyi da tsofaffin da aka yi wa ƙazafin maita, zumunci ya tsinke har jikoki, a kan abin da ke cikin jinin ma'auratan ne tun daga haihuwarsu.

Wa'azi ma ya yi nasa aikin. Malamai tun zamanin jihadi suke faɗa da al'adun da suka shafi iskoki, kuma daga kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978, da yaɗuwar makarantun Islamiyya na matan aure, maganar ta shiga har ɗakunan da ake yin abin. Matar da ta yi karatu ba za ta yarda a kai ɗanta juji don a ruɗi aljani ba, kuma ina ganin ta yi daidai. Rai da ajali na hannun Allah, babu dabarar da ke ɓoye yaro daga abin da aka rubuta masa. Manzon Allah (SAW) da kansa ya binne 'ya'yansa maza, Alƙasim da Abdullahi da Ibrahim, duk suna ƙanana, ya zubar da hawaye a kan Ibrahim, bai kuma sauya wa kowa suna don ya ɓoye shi ba. Game da suna kuwa, ya tabbata cewa yakan canza marar daɗin ma'ana. Ya mayar da sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga Asiya mai harafin sadi, wato mai saɓo, zuwa Jamila. Ya ce wa wani sahabi mai suna Hazanu, mai ma'anar tsauri, ya koma Sahalu. Ya kuma ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman. Saboda haka liman da ya ƙi raɗa Ajuji a matsayin sunan yanka yana da hujja. Amma kiran mutum da laƙabin da aka san shi da shi, wanda shi bai ƙi ba, malaman hadisi da kansu sun yi: Al-A'amash da Al-A'araj laƙabin raunin ido ne da gurguntaka, kuma da su aka san waɗannan manyan malamai a littattafai. Abin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana shi ne jifan juna da laƙabi don wulaƙanci.

Akwai wani ƙaramin dalili da ba a cika lura da shi ba, shi ne jujin kansa ya canza. A ƙauye juji dukiya ce. Nan ake tara shara da toka da kashin dabbobi duk rani, kafin ruwa ya sauka a kwashe a mangala a kai gona, kuma gonar da ta sha taki ita ke cika rumbu. Kabewar da ta fito a kan juji ta fi kowace girma. Yaron birni bai san wannan ba, abin da ya sani bola ce mai leda da wari a bakin kwata. Kunnen da ya san jujin farko da wanda ya san na biyu ba za su ji sunan iri ɗaya ba, kuma ina zaton surukanka da na biyun suke ji. In ka zauna da su, ka tuna musu karin maganar da su ma suka sani, cewa babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa yake zubawa. Hausawa ba su sami abin da za su kwatanta haƙurin dattijo da shi ba sai juji.

Shawarata ita ce kada ka dage a kan raɗa Ajuji. Ɗanka ba ɗan wabi ba ne, da yardar Allah, kuma sunan labari ne na wanda ya faru a kansa. Sa wa yaron da bai bi kowa a kabari ba kamar ka kira ɗan fari Gambo ne. Ka nemo sunan yankan mahaifinka ka mayar, wannan shi ne mayar da suna a al'adarmu da addininmu, kuma babu surukin da zai ja da kai. Ko banza ma matarka ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, kai ma ba za ka kira na mahaifinka gatsau ba, don haka yaron zai tashi ne a Abba ko Baffa ko Halifa, ko Babayo da Babaji irin namu na nan. Ajuji kuma ka ajiye shi inda zamani ya riga ya ajiye shi, a ƙarshen sunan yaron a takardar haihuwa, ya zama sunan gidanku. Ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina tun daga farko, harafi biyar ba tare da tsaga shi biyu ba, don gyaran suna a katin ɗan ƙasa da takardun jarrabawa wahala ce da za ka iya kauce mata yau.

Sunan yana ɗauke da wani saƙo kuma da ya shafe ka kai tsaye. Tunda an kira mahaifinka Ajuji, kakarka ta rasa 'ya'ya kafin shi, kuma wasu daga cikin dalilan wabi gadonsu ake yi. Idan kai da matarka ba ku yi gwajin jini kafin aure ba, ku yi yanzu kafin ta sauka, na sikila da na rukunin jini duka. Ana yi a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da manyan asibitocin jiha, kuma ma'aikatan awon ciki za su nuna muku inda za ku. In ya fito ita negatif ce, ku gaya wa masu karɓar haihuwa tun da wuri a tanadi allurar.

In kuma akwai wata tsohuwa da ta rage a dangin mahaifinka, goggo ko inna ko matar amininsa, ka je Kumo da goro ka zauna da ita kafin ranar suna. Tambaye ta su nawa ne suka riga shi, maza ko mata, a wane wata na rayuwarsu suka tafi, wace ce ta kai shi juji, wace ce ta tsince shi. Ka rubuta sunayensu a takarda. Na goggona biyar ne, kuma da ta rasu babu wanda ya iya kawo sama da biyu.